Me Za Mu Karanta Wa Maraya?

Duk wanda ke halartar salla a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki a Kaduna ya san da wuya mako ya wuce ba a sallaci gawa ba. Manya su yi ta'aziyya su watse, a bar yaran mamaci da tambayoyin da babu mai amsa musu.

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe ina lura da yadda Bahaushe ke sakaya mutuwa. Mukan ce wane ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wannan ladabi ne tsakanin manya. Amma idan aka ce wa ɗan shekara 5 "Babanka ya yi tafiya", zai ɗauki maganar yadda take, ya zauna bakin zaure yana jiran dawowarsa. Ranar da ya gane gaskiya kuwa, sai rashin yarda da manya ya ƙaru a kan maraicinsa.

A nan ne littafin labari ke da amfani, domin yana ba yaro kalmomin da zai faɗi damuwarsa. Ba kuma baƙon abu ba ne a adabinmu. Tatsuniyoyinmu cike suke da marainiya a hannun kishiyar uwa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, labarin yaro ne da ya rasa uba, aka sace shi, uwarsa ta bi sawunsa har ta faɗa bauta, suka haɗu daf da rasuwarta, amma ya girma ya zama malami. Uwa uba, Manzon Allah (SAW) ya tashi maraya: mahaifinsa ya rasu kafin haihuwarsa, mahaifiyarsa yana shekara 6, kakansa yana shekara 8.

To, ina irin waɗannan littattafai ga yaran yau? Rikicin Kaduna na 2000 da na 2002 da na bayan zaɓen 2011 sun bar marayu birjik, haka ma harin Tudun Biri na Disambar 2023. Marubutanmu kuwa sun fi karkata ga manya, yara sai littafin koyon baƙi.

Ina kira ga marubutan Hausa da kamfanonin ɗab'i da su samar da gajerun labarai masu hotuna, cikin sassauƙar Hausa, waɗanda za su kira mutuwa da sunanta, su nuna cewa kuka ba rashin tawakkali ba ne, kuma rayuwa tana ci gaba. Malaman firamare da na Islamiyya su karanta su a aji. Kafin nan, iyaye mu daina ce wa yaro mamaci ya yi tafiya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raya abin da suka bari.