Gidan Fatoma a Kan Layin Tarho

Farken da ya taso da shanu daga Arewa zuwa Ibadan, ko ya nufi Gwanja sarin goro, ba ya sauka duk inda dare ya yi masa. Gidan fatoma yake nema. Fatoma yana da zaure, yana da ɗakunan baƙi, yana da yaran da ke tarbar mai zuwa, kuma idan aka shiga kasuwa shi ne bakin baƙon: shi aka sani, shi ake tambaya, shi ke tsaya masa. Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar da za a riƙa bugo wa waya don a shiga intanet ta cikinta, wadda ma'aikata ke kira saba, sana'ar fatoma ya yi ko bai sani ba. Kuma a nan ma, ba kasafai babban abu ke ɓata harkar ba. Yawanci tarba ce ba ta yi daidai ba, ko gaisuwa ta sarƙe, ko baƙo ya tafi ba a san ya tafi ba.

Ƙa'idar da ake bi sunanta PPP. Ita ke tsara yadda kwamfuta biyu, ɗaya a wannan bakin waya ɗaya a wancan, za su aika wa juna bayanai ƙunshi-ƙunshi. An tabbatar da ita a takardar RFC 1661 cikin watan Yulin 1994, ta ture wata tsohuwa mai suna SLIP, wadda ba ta duba ko kaya sun lalace a hanya, ba ta kuma iya ba baƙo adireshi sai an sa masa da hannu. A kwamfutar Linux, manhajar da ke wannan aiki ita ce pppd, wadda Paul Mackerras na Ostareliya ya daɗe yana kula da ita. To pppd shi ne fatoman. Sai dai maigida ba ya zama bakin ƙofa.

Mai zaman zaure shi ne mgetty, aikin wani Bajamushe, Gert Doering. A da, layi guda ake rubuta masa a fayil ɗin /etc/inittab, a faɗi ƙofar da zai tsare, misali ttyS0, a haɗa da kalmar respawn, wato duk lokacin da ya raka baƙo ciki ya gama, a sake dawo da shi mazauninsa. Yana nan zaune sai modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, ta ce RING, shi kuma ya ce mata ATA, ta ɗauka. Akwai gajeriyar hanya da wasu ke bi, su sa wa modem umarnin ATS0=1 don ta riƙa ɗauka da kanta da ƙarar farko. Ban ga hikimar hakan ba. Ranar da kwamfutar ta daskare, modem za ta ci gaba da amsa sallama alhali babu kowa a gidan, mai kira ya shigo ya tsaya a tsakar gida, kuɗin waya na tafiya. Gara a bar wayar ta yi ta ƙara, ya gane ba kowa, ya ajiye.

Wani wayon mgetty shi ne sauraron abin da baƙo ya fara furtawa. Idan mutum ne da ke son buga suna da kalmar sirri da hannunsa, sai ya miƙa shi ga manhajar login. Idan kuwa ya ji tarkacen haruffan nan masu farawa da alamar ~, ya san kwamfuta ce ta fara yaren PPP, sai ya kira maigida kai tsaye. Layin AutoPPP a fayil ɗin login.config ke kunna wannan.

Kafin a wuce zaure, a gyara faɗin ƙofa. Gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem daban yake da gudun layin tarho. Na farkon akan sa shi 115200, tare da zaɓin crtscts don modem ta iya cewa "dakata, hannuna ya cika". Na biyun kuwa ba a hannunka yake ba. Mutane da yawa sun sayi modem mai 56k bayan fitowar V.90 a 1998, suka sa ɗaya a ofis ɗaya a gida, suka yi ta mamakin ganin ba ta wuce 33,600 ba. Ba za ta wuce ba, don 56k sai idan ɓangaren saba yana kan layin dijital na kamfanin waya.

Yanzu mu koma wajen baƙo, inda aka fi zubar da gumi. Shi ma yana da nasa pppd ɗin, amma wannan bai iya buga waya ba. Wata 'yar manhaja ce mai suna chat ke yi masa gaisuwa, kuma gaisuwar a rubuce take, bibbiyu: abin da za ka jira ka ji, da abin da za ka faɗa in ka ji shi. Ga yadda ta saba kasancewa:

ABORT BUSY
ABORT 'NO CARRIER'
'' ATZ
OK ATDT, sai lambar waya
CONNECT ''
ogin: sai suna
word: sai kalmar sirri

Kalmomin AT ɗin nan gadon modem ɗin kamfanin Hayes ne ta 1981. ATZ na nufin modem ta koma kan saitinta, ta amsa da OK. ATDT ta buga lamba. Idan ofis ne mai sai an danna 9 kafin a sami layin waje, sai a sa 9 da waƙafi, waƙafin ya sa ta ɗan numfasa. Idan kuma layin ba ya ba da sautin da modem ta saba ji, har ta riƙa cewa NO DIALTONE alhali layi lafiya lau, ATX3 ke sa ta buga ba tare da ta saurara ba.

Dubi layi na uku da kyau. Alamomin nan biyu da ba komai a tsakaninsu suna cewa: kada ka jira komai, kai ne za ka fara magana. Ƙaramin abu ne, amma shi ne asalin ladabin zaure. Mai zuwa ke yin sallama, na gida ya amsa. In aka manta da su, chat zai ɗauki ATZ a matsayin abin da yake jiran ji, ya kafa wa modem ido, ita ma ta kafa masa, kamar mutum biyu da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Daƙiƙa 45 chat ke haƙuri in ba a canja masa ba, daga nan ya juya ya tafi, pppd ya rubuta cewa rubutun haɗawa ya gaza.

A nan ne chat ya ɗan bambanta da mutum. Mutum in ya ce "ina gajiya", ko an ce masa "ba gajiya" ko an ce "alhamdu lillahi", ya gane an amsa. Chat ba shi da wannan basirar. Harafi yake bi, ba ma'ana ba. Abin da ya sa ake rubuta ogin: ba tare da harafin farko ba ke nan: wata saba da babban baƙi take farawa, wata da ƙarami, kuma harafin farko shi hayaniyar layi ta fi cinyewa. Sai a kama wutsiyar kalmar, a bar kan. Haka word: take. Layukan ABORT kuwa su ne hankalin da ka ara masa tun daga gida: in ka ji an ce layi na cike, ko an katse, kada ka tsaya jiran abin da ba zai zo ba. Rubutun da ba su a ciki yana aiki sarai ranar da komai ke lafiya, shi ya sa ake raina su.

Layuka biyun ƙarshe ba kullum ake bukatarsu ba, kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe. Idan saba ta kan shiga PPP nan take, gaisuwar ta ƙare a CONNECT. Wanda ya bar ogin: a ciki zai yi ta jiran tambayar da ba za a yi masa ba. Idan kuwa saba mai neman suna ce, kai kuma ka tsaya a CONNECT, wani abin dariya ke faruwa. Naka pppd ɗin zai fara aika ƙunshinsa, wancan ɓangaren ya ɗauka suna ake buga masa, ya maido maka da haruffan kamar yadda ya saba nuna wa mai bugawa abin da ya buga. Kowane ɓangare yana sa wata lamba tasa ta musamman a saƙonnin farko, don haka pppd na ganin tasa ta dawo masa sai ya ce layin ya naɗe, ya kashe. Mutum ya tashi ya kama binciken kebul, alhali kebul bai yi laifin komai ba. Baƙo ne ya shiga yi wa yaron zaure maganar ciniki tun bai faɗi sunansa ba.

Gaisuwa ta ƙare, sai a zauna da maigida. Matakin farko, LCP, sharuɗɗan zama ne: girman ƙunshi, wanda 1500 ne in ba a ce komai ba, da irin shaidar da za a nema. Sau 10 pppd ke maimaita tayinsa, daƙiƙa 3 tsakani, in ba amsa ya haƙura. Sai tantancewa. Hanyar PAP ita ce baƙo ya faɗi suna da kalmar sirri a fili, duk mai kunne a kan layi ya ji. Hanyar CHAP ta fi dabara: maigida ya jefo wata lamba, baƙo ya gauraya ta da sirrinsa ta lissafin MD5 ya maido da sakamako, sirrin kansa bai taɓa hawa waya ba. In da zaɓi, CHAP zan ɗauka. Sunayen suna cikin pap-secrets ko chap-secrets a /etc/ppp, kowane layi gida huɗu: sunan baƙo, sunan saba, sirri, da adireshin da aka yarje masa. Gida na huɗun nan shi ake mantawa. A ɓangaren saba, in babu shi, ma'anarsa ba a yarje wa baƙon kowane adireshi ba. An san shi, an yi masa maraba, amma ba ɗaki, sai ka ga layi ya yanke bayan an karɓi kalmar sirri. Tauraro guda a wurin ya isa a ce ko wanne. Fayil ɗin kuma a ƙulle shi da chmod 600, don littafin asirin gida ne.

Rabon ɗaki shi ne IPCP. A options.ttyS0 ake rubuta adireshi biyu da ɗigo biyu a tsakani, na gida da na baƙo, misali 192.168.1.1:192.168.1.50. Kowace ƙofa da nata fayil, don haka ɗakin na ƙofar ne, duk wanda ya shigo ta nan shi zai samu. Sai ms-dns, wanda ke gaya wa baƙo inda zai tambayi adireshin shafuka. Ba shi, zai haɗu lafiya amma ko shafi ɗaya ba zai buɗe da suna ba, ya bugo yana cewa intanet ba ta aiki.

Zaɓin da ya fi burge ni shi ne proxyarp, don shi ne fatomancin tsantsa. Sauran kwamfutocin ofis ba su san baƙon ba, ba ya kan kebul ɗinsu. Idan ɗayarsu ta ɗaga murya tana cigiyar mai adireshi kaza, saba ce ke cewa "ga ni, kawo nan", ta karɓa ta miƙa masa ta waya. Sharaɗin shi ne adireshin baƙon ya kasance cikin jerin na gidan. Kuma sai an sa 1 a /proc/sys/net/ipv4/ip_forward, in ba haka ba saba za ta karɓi saƙo ta riƙe, baƙo ya ga maigida amma bai ga kasuwa ba.

Saura tafiya, wadda ita aka fi sakaci da ita. Ba kowane baƙo ke sallama ba. Wuta na ɗaukewa, ruwa na shiga waya, wani a gida na ɗaga kan tarho. Umarnin AT&C1 ke sa modem ta faɗi gaskiya idan layi ya yanke, AT&D2 kuma ya sa ta ajiye waya idan kwamfuta ta ce a ajiye. Babu su, ɗaki na nan a rufe da sunan wanda ya daɗe da barin gari. Da lcp-echo-interval ake ɗan ƙwanƙwasa ƙofa lokaci-lokaci a ji ko yana ciki, lcp-echo-failure kuma ya faɗi shiru nawa za a jure. Akwai kuma baƙon da ya shige ya yi barci, ga layi ɗaya tal, wasu na ta bugowa. Idle 600 ke sallamarsa bayan minti goma ba motsi. Rubutun ip-up da ip-down suna tashi da kansu a shiga da fita, a nan ake rubuta wa ya zo, yaushe ya tafi.

A Najeriya zamanin layin NITEL da kukan modem bai yi tsawo ba, wayar salula ta shigo a 2001. Amma gidan bai rushe ba. Modem ɗin nan ta USB da aka yi yayi, mai ɗaukar layin waya, da kalmomin AT ake mata magana, lambar *99# take bugawa, sannan PPP ta karɓa. PPPoE da wasu kamfanonin intanet ke sa wa a na'urar gida, mai neman suna da kalmar sirri, ita ce dai aka ɗora kan kebul tun 1999.

In ka zauna haɗawa ya ƙi, kada ka yi ta sauya abubuwa da ka. Sa -v a chat, sa debug a pppd, ka buɗe rajistar syslog ka bi zancen layi-layi har inda wani ya yi shiru. Da ya tashi, ka cire -v ɗin, ko ka sa \q a gaban kalmar sirri, in ba haka ba tana nan rubuce a rajista, duk wanda ya buɗe ya karanta.