Raddi Ga Masu Cewa Kuɗin Tikitin Majinyaci Ya Tafi Ke Nan

A Gamkalley, unguwar da ba ta da nisa da filin jirgin sama na Diori Hamani, idan ɗan kasuwa mai shirin zuwa Dubai ko dattijo mai niyyar Umra ya kwanta ciwo ana gab da tafiya, abin da masu dubiya suka saba faɗi shi ne: "Kuɗin tikiti kam ya tafi, Alhaji, sai haƙuri. Allah ya mayar da alheri." Mutanen kirki ne, so suke hankalin majinyaci ya kwanta. Addu'arsu mun ce amin. Hukuncin da suka yanke wa kuɗin ne ke buƙatar gyara.

Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta yi magana kan jinkirin jirgi, ɓatan kaya da raunin fasinja, amma ba ta tilasta wa kamfani mayar da kuɗi don fasinja ya kwanta ciwo ba. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ita ma tana aiki ne idan kamfani ya soke tashi, ko ya yi jinkiri, ko ya hana mutum shiga. Sannan araha ba ta ado: tikitin da ya fi sauƙin kuɗi shi ya fi tsaurin sharaɗi, kuma takardar likita ita kaɗai ba ta karya shi.

To amma daga nan zuwa cewa komai ya salwanta akwai tazara. Kuɗin tikiti kashi-kashi ne. Ban da kuɗin kujera, akwai harajin gwamnati da na filin jirgi, waɗanda ake karɓa saboda mutum zai tashi. Wanda bai tashi ba yana iya neman a mayar masa da su, ko da za a cire ladan aiki. Haka kuma tikiti da yawa ana iya ɗage ranarsu a biya tara da cikon farashi, domin galibi wa'adinsu shekara guda ne. A ƙa'idojin sufuri na kamfanoni da dama, wanda ciwo ya kama bayan ya fara tafiya ana tsawaita masa wa'adi har wata uku idan ya kawo shaidar likita, tare da iyalin da ke rakiyarsa. Wasu kuma sukan ajiye wa mutum kuɗinsa ya yi wata tafiyar da su.

Abin da ke rufe yawancin ƙofofin nan shi ne shiru. Jirgi na tashi babu kai, ba ka kuma sanar ba, sai a rubuta ba ka zo ba. Tara ta ƙaru, sau da yawa har tikitin dawowa a soke shi. Wanda ya riga ya saddaƙar cewa kuɗin ya tafi ba zai ɗaga waya ba, sai zatonsa ya tabbata ta dalilin shirunsa.

Akwai illar da ta fi wannan. Tsoron asara kan sa a tallabi marar lafiya a kai shi jirgi. Iskar cikin jirgi kusan daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 2,400, abin da ke wahalar da mai ciwon zuciya ko huhu da wanda bai daɗe da yin tiyata ba. Shi ya sa kamfanoni ke da takardar MEDIF da likita ke cikewa, kuma suna da ikon hana wanda jikinsa bai yarda ba shiga.

Matambayi ba ya ɓata. Tun ranar saye a tambayi ajans sharaɗin ɗagewa da na sokewa, a karɓi lambar tikiti mai alƙaluma 13. Inshorar Yuro 30,000 da ake nema wajen bizar Shengen ta magani ce a can, kada a ɗauka dole ta haɗa da fasa tafiya. Mai Hajji ko Umra ya duba yarjejeniyarsa da ajans, don tikitin ayari na da nasa sharuɗɗan. Idan ciwo ya zo, ɗa ko ƙane ya sanar a rubuce kafin lokacin tashi, ta hannun wanda ya sayar da tikitin, da takardar likita mai kwanan wata da hatimi. Sai an yi wannan za a san abin da ya tafi da abin da ya saura.