Mai Gyaran Agogo da Mai Saƙar Leshi

A shekarar 1845 wani saurayi Bafaranshe ɗan shekara 22, mai suna Louis Martin, ya hau duwatsun Alps har gidan sufaye na Grand-Saint-Bernard, inda limaman Katolika ke zaune cikin ƙanƙara suna ibada suna ceton matafiyan da suka ɓata. Ya je ne da niyyar ya bar duniya ya zauna da su har ƙarshen ransa. Shugaban gidan ya tambaye shi ko ya iya Latin, harshen da ake sujada da shi a lokacin. Bai iya ba. Aka ce ya koma ya koya tukuna. Ya koma ya duƙufa, amma karatun ya ƙi shiga, ya haƙura ya rungumi sana'ar da ya riga ya fara koyo, wato gyaran agogo. A 1850 ya buɗe shagonsa a Alençon, wani gari a yankin Normandi.

A garin nan akwai wata budurwa, Zélie Guérin, ɗiyar wani jandarma, wadda aka haifa a 1831. Ita ma ta ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa. Ta nemi shiga cikin sistocin da ke jinyar marasa lafiya a asibitin garin, shugabarsu ta sallame ta, ta nuna mata ba nan rabonta yake ba. Sai ta koma ta koyi sana'ar da Alençon ta yi suna da ita, saƙar leshi da allura, kuma kafin ta cika shekara 23 ta kafa nata kasuwanci.

Wannan leshi ba na inji ba ne. Ana zana fure a kan takardar fata, a bi zanen da tsinin allura a huda shi, a shimfiɗa zare a kan layin, sannan a fara cike tsakiya da ɗinki ƙanana waɗanda sai an ƙura ido ake ganinsu. Faɗin santimita ɗaya kacal na iya cin awa bakwai. Mace ɗaya ba ta gama ƙyalle ita kaɗai. Zélie takan rarraba aikin gunduwa-gunduwa ga mata masu saƙa a gidajensu, ranar Alhamis su kawo mata, ta duba, ta biya su, ta ba su sabo. Aiki mafi wuya, wato haɗa gunduwoyin nan ta yadda ba wanda zai gane inda aka haɗa, shi ta riƙe wa kanta.

A watan Afrilun 1858 su biyun suka yi kiciɓis a kan gadar Saint-Léonard. Wata uku bayan haka, da tsakar daren wayewar 13 ga Yuli, aka ɗaura musu aure a cocin Notre-Dame na garin, shi yana da shekara 34, ita 26. Tsohon burinsu bai sake su nan take ba, domin wata goma suka yi suna zaune kamar wa da ƙanwa, suna ganin hakan ya fi kusa da Allah. Sai da wani fada da ke ba su shawara ya fahimtar da su cewa aure da haihuwa su ma hanya ce, ba ragowar hanya ba. Tsakanin 1860 da 1873 suka haifi 'ya'ya tara, mata bakwai maza biyu. Wani hani ga Allah baiwa ne.

Wanda ya leƙa gidan ba zai ga wani abin al'ajabi ba. Ƙarfe biyar da rabi na asuba suna coci wurin sujadar Misa, wadda galibi leburori da 'yan aiki ke halarta kafin su fita nema. Daga nan shi ya nufi teburinsa da ƙananan ƙarafunan agogo, ita ta nufi allurarta, sau da yawa har dare ya raba. Ranar Lahadi Louis ba ya buɗe shago, ko da yake ranar ce mutanen ƙauye ke shigowa gari da kuɗi a aljihu, kuma an sha gaya masa yana tafka asara. Zélie ba ta barin kuɗin ma'aikaciya ya kwana a hannunta, in ɗayarsu ta kwanta ciwo takan je duba ta. Wata rana suna dawowa daga yawo suka gamu da wani tsoho almajiri a hanya. Aka kai shi gida, ya ci ya ƙoshi, aka ba shi takalmi, daga baya Louis ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa gado a gidan kula da gajiyayyu. A 1870, da ya ga kasuwancin matarsa ya fi nasa albarka kuma nauyin ya yi mata yawa, ya sayar da shagonsa ya koma taya ta: shi ke riƙe da littafin lissafi, shi ke zuwa Paris nemo masu saye.

Amma gidan ya sha makoki. Daga 1867 zuwa 1870 suka binne 'ya'ya huɗu. Maza biyun, dukansu masu suna Joseph, ba wanda ya kai shekara. Hélène ta rasu tana da shekara biyar. Jaririya Mélanie-Thérèse kuwa ba ta cika wata biyu ba, mai shayarwar da aka ba amanarta ta bar ta da yunwa. Dalilin kai yaran raino waje shi ne Zélie ta daina iya shayarwa, saboda wani ƙulli da ya daɗe a mamanta. Ana cikin wannan kuma yaƙin Faransa da Jamusawan Prussia ya iso garin, a farkon 1871 aka sauke musu sojojin abokan gaba a cikin gida, dole su ba su masauki.

Auta, Thérèse, an haife ta ranar 2 ga Janairun 1873. Da ta kai wata biyu sai ciwon ciki ya kama ta, irin wanda ya ɗauke 'yan'uwanta. Likita ya ce in ba a samo mai shayarwa nan take ba, yarinyar ba za ta yi rai ba. Louis ba ya gari. Zélie ta kwana a zaune, gari na wayewa ta kama hanyar ƙauyen Semallé da ƙafa ita kaɗai, ta taho da Rose Taillé, matar wani manomi wadda ta taɓa shayar mata da yara. Rose ta dubi jaririyar ta kaɗa kai, don a ganinta aikin gama ya gama. Zélie ta hau bene ta durƙusa tana addu'a tana kuka. Da ta sauko ta tarar yarinyar ta kama nono. Shekara guda Thérèse ta yi a ƙauyen kafin a dawo da ita gida da ƙibarta.

Mun san waɗannan abubuwa dalla-dalla ne saboda wasiƙun Zélie fiye da 200 sun tsira, yawancinsu zuwa ga ƙanenta Isidore da matarsa da 'yarta Pauline. Babu wa'azi mai tsawo a cikinsu. Akwai kukan gajiya, da fargabar ciniki ya tsaya, da labarin ƙiriniyar yara, da damuwarta kan Léonie, 'yarta ta uku, mai yawan laulayi da taurin kai, wadda aka kasa riƙe ta a makaranta. Sai daf da mutuwar uwar aka gano cewa 'yar aikin gidan ce ta daɗe tana razana yarinyar a ɓoye. Zélie mace ce mai saurin damuwa, wadda wani abin ma ya faru a gidanta ba ta gani ba, amma kullum tana mayar da al'amarinta ga Allah ta koma bakin aiki.

A ƙarshen 1876 likita ya gaya mata gaskiya: ƙullin nan ciwon daji ne, kuma tiyata ba za ta yi amfani ba. A watan Yunin 1877 ta tafi ziyarar ibada Lourdes da manyan 'ya'yanta uku, suna fatan waraka. Ba ta warke ba, ta dawo a galabaice. Ta rasu ranar 28 ga Agusta, tana da shekara 45, autarta tana da huɗu da rabi.

Louis ya sayar da kasuwancin, ya kwashe 'ya'yansa mata biyar zuwa Lisieux, kusa da surukinsa Isidore mai kantin magani, don matar kawunsu ta sa musu ido. Can ya raine su, sannan ya riƙa miƙa su ɗaya bayan ɗaya ga rayuwar da aka hana shi da matarsa. Pauline ta shiga gidan sistocin Karmel a 1882, Marie a 1886. Thérèse ta nace sai ta shiga tana da shekara 15, ya raka ta har Roma a 1887 inda ta roƙi Fafaroma Leo na 13 da bakinta, ta kuwa shiga a Afrilun 1888.

Jarrabawarsa ta ƙarshe ta fi kowacce ɗaci. Jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa suka fara toshewa, tunaninsa ya riƙa rikicewa. A Yunin 1888 ya fita bai gaya wa kowa ba, sai bayan kwanaki aka same shi a Le Havre, bakin teku. A Fabrairun 1889 aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Bon Sauveur a Caen, ya yi shekara uku. Dattijon da gari ke girmamawa ya zama abin tsegumi, har ana cewa tafiyar autarsa ce ta zautar da shi. A lokutan da hankalinsa ke dawowa ya san inda yake, ya kuma karɓi ƙasƙancin bai yi ƙorafi ba. An mayar da shi gida a 1892, ƙafafu sun shanye, 'yarsa Céline na jinyarsa har ya cika ranar 29 ga Yulin 1894. Bayan nan ita ma ta shiga Karmel, Léonie kuma, bayan ta gwada ta fito har sau uku, ta zauna daram a gidan sistocin Visitation na Caen daga 1899.

Thérèse ta rasu da tarin fuka a 1897 tana da shekara 24, aka ayyana ta waliyyiya a 1925. Koyarwar da ta yi suna da ita, cewa ƙaramin aiki in an yi shi da ƙauna yana kai mutum ga Allah, a gidansu ta fara ganinta da ido. Amma cocin Katolika ba ya ba mutum waliyyanci don ɗansa ya samu. An buɗe binciken rayuwar iyayen daban, aka bi wasiƙu da shaidar waɗanda suka zauna da su, aka duba yadda suka yi ciniki, suka biya ma'aikata, suka yi jinya, suka binne 'ya'ya. Babban taron Vatican na biyu ya riga ya bayyana a 1964 cewa kiran zuwa ga tsarki na kowane mai bi ne, ba na fada da sista kaɗai ba, sai dai jerin waliyyai ya daɗe cike da limamai da sufaye da shahidai. Ranar 18 ga Oktoban 2015, ana tsakiyar taron bishop-bishop kan iyali a Roma, Fafaroma Francis ya ayyana Louis da Zélie Martin waliyyai, miji da mata na farko da aka yi wa haka tare a rana ɗaya. Waliyyai galibi ranar mutuwarsu ake tunawa da su. Su kuwa an sa tasu ranar 12 ga Yuli, don ta dace da daren da aka ɗaura musu aure.