Zinariyar Birnin Gwari da Gyaran Manhajar Injiniyancin Sinadarai



Maganata a yau a kan gyaran manhajar digirin farko na injiniyancin sinadarai ce, watau ilmin sarrafa ɗanyen kaya mai yawa har ya zama abin amfani. Zan kafa hujjata da ƙasar Birnin Gwari da dajinta.

Tun a 1915 wani masani a Amurka, Arthur D. Little, ya nuna cewa aikin kowace masana'anta, komai girmanta, ya ƙunshi matakai ne 'yan kaɗan: niƙa, tacewa, dafawa, busarwa, da mayar da tururi ruwa. Wannan shi ne ƙashin bayan ilmin, ba mai taɓa shi. Abin gyara shi ne misalan da muke koyar da shi da su. Tun da aka buɗe Matatar Mai ta Kaduna a 1980, hankalin malami da ɗalibi ya karkata ga man fetur, alhali matatar ta shafe shekaru ba ta aiki.

To, ga dama ta samu. A watan Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon ma'auni: ita ta tsara kashi 70 cikin 100 na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Me jami'a irin ta Ahmadu Bello ta Zariya za ta zuba a wannan gurbi?

Mu dubi Birnin Gwari. Tun zamanin Turawa ake haƙar zinariya a can. Mai haƙa yakan fasa dutse, ya niƙa, ya wanke garin, ya gauraya shi da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke kama zinariya, sa'an nan ya ƙona curin, zaibar ta tashi, zinariya ta saura. Kowane mataki a nan darasi ne na ajinmu, sai dai ana yinsa ba awo, ba kariya. Hayaƙin zaiba yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Amma in an ƙona curin a rufaffen tulun ƙarfe mai bututu da ya nutse cikin ruwa, sai tururin ya huce ya koma zaiba, a sake aiki da ita. Hikimar da ake raba fetur da kananzir da ita ke nan, ba wata ba.

Niƙan ma haka. A 2010 ƙurar dutse mai dalma, wanda ake niƙawa a busasshe cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari. Niƙa da ruwa, nesa da gida, yana rage ƙurar ƙwarai. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina ba da shawara uku. Ta farko, a riƙa kawo dutsen Birnin Gwari ɗakin gwaji, ɗalibi ya auna zinariya da dalmar da ke ciki da hannunsa. Ta biyu, ilmin guba da kiyaye lafiyar ma'aikaci ya zama tilas tun shekara ta uku. Ta uku, aikin ƙira na shekarar ƙarshe ya haɗa da ƙananan na'urori da maƙerin gari zai iya yi, tare da lissafin kuɗinsu: tulun zaiba, injin matsar man kaɗe, da matoyar gawayi mai cin itace kaɗan, don dajin Kamuku ya huta.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, manhaja a takarda ba ta auna dutse. Sai da kayan gwaji, da wutar lantarki, da hanyar da ɗalibi zai bi ya dawo lafiya. Wannan kason naku ne.