Farin Ɗigo a Hoton Ƙwaƙwalwa: A Daina Yanke Hukunci a Waya

Wata matar aure mai shekara 46 ta daɗe tana fama da ciwon kai na ɓari guda, ga hawan jini da take shan maganinsa ranar da ta ga dama. Likita ya tura ta hoton MRI. Tun kafin ta bar wurin ta ɗauki takardar sakamakon a waya, ta tura zauren WhatsApp na dangi. Ɗan ƙaninta ya kwafi Turancin ya zuba a Google, kafin la'asar labari ya karaɗe gida cewa Hajiya ta kamu da cutar MS, keken guragu kawai take jira.

Mai kemis ɗin unguwa ya ɗora ta a kan prednisolone. Wata biyu tana haɗiya, fuska ta kumbura, suga ya hau, jinin ya ƙara tashi. Ranar da aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya ce a ba shi faifan hoton, sai aka shiga kallon-kallo. Babu wanda ya san inda aka jefa shi. Sai da aka sake biyan kuɗin wani hoton, sannan ta bayyana cewa fararen ɗige-ɗigen da ke cikin hoton tabon hawan jini ne da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Wannan ganganci ya isa haka. Takardar da likitan hoto ke rubutawa wasiƙa ce zuwa ga likitan da ya turo majinyaci. Yana lissafa duk abin da hoton zai iya nufi, ko da bai taɓa ganin mai shi ba. Fararen ɗige-ɗige kuwa sukan fito ga masu hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon kan ɓari guda, har da wanda shekaru kawai suka ja.

MS cuta ce da garkuwar jiki ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa, laka da ido, kamar ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868. Takan fara tsakanin shekara 20 zuwa 40, ta fi kama mata, kuma ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi. Alamunta sun haɗa da dushewar gani a ido ɗaya tare da zafi, mutuwar jiki ko sagewar wani sashe, da tangaɗi wajen tafiya, abin da zai wuce awa 24.

Ƙa'idojin McDonald, waɗanda aka fitar a 2001 kuma ake ta gyara su, su ne ma'aunin likitoci wajen tabbatar da MS. Ana duba siffar tabon da inda ya zauna, a haɗa da labarin majinyaci da gwajin jikinsa. Wani lokaci akan yi allurar gadolinium don a bambance sabon tabo da tsoho, ko a ɗebi ruwan laka ta baya kamar yadda ake yi wa mai sanƙarau. Dole kuma a kawar da zargin ƙarancin bitamin B12, ƙanjamau, tarin fuka da cutar NMO mai kama da MS, wadda ta fi samun baƙar fata, kuma wasu magungunan MS ke ƙara tsananta ta.

Ko a Amurka, wani bincike na 2019 a cibiyoyi biyu na Los Angeles ya gano cewa kusan kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka turo da sunan MS ba ita ke damunsu ba. To ina ga ɗan ƙani mai waya a hannu?

Duk wanda aka yi wa hoto ya karɓi faifan tare da takardar, ya adana su wuri ɗaya da takardun gida, domin da tsohon hoto ake auna sabo. Ya rubuta ranar da kowace alama ta fara da kwanakin da ta ɗauka. Ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha. Prednisolone da dexamethasone kuwa, kada a taɓa su sai da rubutun likita.

Dangi kuma su taimaka da kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa mafi kusa, su bar fassarar takarda ga likitan da ya nemi a yi hoton.