Hannuwan Ƙwayoyin Zarra

Kowace ƙwayar zarra tana da adadin ɗaurin da za ta iya yi da 'yan'uwanta, kuma malaman kimiyyar sinadarai kan kamanta wannan adadi da hannuwa. Haidirojin yana da hannu 1, oksijin 2, naitirojin 3, kabon kuwa 4. Ƙa'idar zanen ita ce kada a bar hannun kowa yana reto. Saboda haka ake zana ruwa H–O–H, wato oksijin a tsakiya riƙe da haidirojin biyu, kowane layi ɗauri guda.

A shekarar 1858 ne August Kekulé, Bajamushe, da Archibald Couper, mutumin Sikotlan, kowanne a nasa ɓangaren, suka nuna cewa kabon yana iya riƙe kabon har su yi sarƙa.

Amfanin zanen ya fi bayyana a C₂H₆O, domin hannuwan nan suna iya haɗuwa ta hanya biyu. Idan kabon biyun suka riƙe juna, oksijin ya tsaya a gefe riƙe da haidirojin guda, an sami etanol, ruwan da ke cikin barasa, mai tafasa a digiri 78 na ma'aunin Selshiyos. Idan kuwa oksijin ya shiga tsakanin kabon biyun, sai a sami daimetil ita, wanda iska ne a zafin ɗaki. Ƙwayoyin ba su canja ba, jerinsu kaɗai ya bambanta.

Sai dai takarda shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwan da aka zana a miƙe, a zahiri lanƙwasasshe ne, da kusurwa mai digiri 104.5.