Munduwar Shaidar Ciwo: Mai Magana Ranar da Baki ya Kasa

A shekarar 1953, a garin Talok na jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wata yarinya 'yar shekara 14 ta yanke yatsa, aka kai ta asibiti. Kafin a yi mata allurar kariya daga ciwon sandarewar jiki, wato tetanus, sai aka ɗan gwada maganin a fatarta. Nan take jikinta ya yi mummunan bore, saura ƙiris ta rasa ranta. Mahaifinta likita ne, Dokta Mariyon Kolins. Daga baya aka ƙera mata munduwar azurfa, aka zana sunan abin da jikinta ba ya karɓa, domin kada a sake maimaita kuskuren a inda ba a san ta ba. Daga wannan ne aka kafa ƙungiyar MedicAlert a 1956, dabarar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama.

Hikimar abin a fili take. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma idan mai ɗakin ya suma, wa zai faɗa? Alal misali, mai ciwon sukari da ya yi allurar insulin bai ci abinci ba, sukarin jininsa yakan faɗi ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita. Da yake ƙwaƙwalwa da sukari take aiki, sai ya fara gumi da tangaɗi, harshensa ya yi nauyi. Wanda bai sani ba zai ɗauka bugagge ne ya wuce abinsa, alhali ruwan sukari kaɗan zai farfaɗo da shi muddin yana iya haɗiya. Haka kuma wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin: da maganin ya shiga, sai garkuwar jiki ta saki sinadarai irin su histamin, jijiyoyin jini su buɗe, bugun jini ya raunana, maƙogwaro ya kumbura cikin 'yan mintoci. Likitan da ya ga gargaɗi a hannu ba zai soma ba da maganin ba.

Waɗanda ya kamata su ɗaura wannan shaida sun haɗa da masu ciwon sukari, da farfaɗiya, da asma mai tsanani, da ciwon zuciya, da masu shan maganin hana jini daskarewa irin su warfarin, domin ƙaramin rauni kan jawo musu zubar jini mai yawa. Akwai kuma masu amosanin jini, wato sikila, ciwon da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne ƙarfen. Ƙarfe marar tsatsa ya fi araha da ƙarko, azurfa kuwa tana dusashewa sai an riƙa goge ta. Wanda fatarsa ke ƙaiƙayi idan ya sa ɗan kunne ko agogo mai arha, galibi sinadarin nikel ne ke damunsa, sai ya nemi titaniyam ko roba mai laushi. Na biyu, a tabbata akwai alamar aikin likita, wato sanda da maciji ya nannaɗe, domin kada a ɗauke ta kayan ado kawai. Na uku, munduwa ta fi sarƙar wuya saurin ganuwa, saboda wuyan hannu ma'aikacin lafiya yakan fara kamawa don jin bugun jini. Ƙananan yara kuwa a guje sa musu sarƙa, kada ta shaƙe su wajen wasa ko barci.

Filin rubutu ƙanƙane ne, don haka a taƙaita: suna, sunan ciwo, muhimmin maganin da ake sha, maganin da jiki ba ya karɓa, da lambar wayar wani makusanci. A tuntuɓi likita kafin a zana, a kuma rubuta da harshen da ma'aikatan asibiti suke aiki da shi, Ingilishi a Nijeriya, Faransanci a Nijar. Inda ba a samun ta waje, maƙeran farfaru da masu zane a kan ƙarfe suna iya ƙera ta, muddin haruffan sun fito raɗau. Wayoyin zamani ma suna da wurin ajiye irin wannan bayani, sai dai waya tana mutuwa, tana fashewa, tana ɓata.

A ɗaura ta dare da rana, har wajen wanka, a cire kawai idan ma'aikatan asibiti sun buƙata, kamar lokacin ɗaukar hoton jiki da na'urar maganaɗisu. Idan likita ya sauya magani, a sauya rubutun, domin tsohon bayani yana iya zama haɗari.

Babban cikas shi ne kunya. Ɗalibi mai farfaɗiya yakan ji tsoron a guje shi, saboda camfin da ake yi cewa yawunsa yana yaɗa ciwon. Wannan ba gaskiya ba ne, farfaɗiya ba a ɗaukarta. Mai jin nauyi yana iya sa a zana bayanin ta cikin munduwar, alamar kaɗai ta fito waje. Malamai kuma su san ɗalibansu masu ɗauke da ita. Idan ɗalibi ya faɗi, a duba hannunsa da wuyansa, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a tura masa cokali a baki, a kwantar da shi a gefe idan jijjigar ta lafa. Idan ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti.

Munduwar ba magani ba ce, ba ta kuma ɗauke wa kowa zuwa ganin likita. Aikinta ɗaya ne, ta faɗa wa baƙon da ya tsaya taimako abin da majiyyacin zai faɗa da yana cikin hayyacinsa. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.